Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi a Gidan Mai Agogo

Auta ta faɗi maganar ne tana sauke kwalaye a tsakiyar falo, ko kallon kowa ba ta yi ba.

"Ba inda za ni sai na ga kwamfutar nan ta tashi da idona."

Mahaifinta, wanda duk layin ke kira Mai Agogo, yana zaune a kujerarsa da kofin shayi a hannu. Ya ji maganar sarai. Ya ajiye kofin a hankali, ya riƙe maganar a ransa.

Auta ita ce ta ƙarshe a gidan, kuma ita kaɗai ta rage. Yayyenta duk sun watse, kowa ya kama gabansa, sai dai a ji su a waya suna cewa ayyuka ne suka yi yawa. Ita ma ta gama karatu, wani babban kamfani a gari mai nisa ya ɗauke ta aikin kula da kwamfutocinsu, har an sa mata ranar farawa. Mai Agogo ya fi kowa murna, ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari, har da ɗan ƙari. Sai da ya dawo gida ya ga akwatin tafiya a jingine bayan ƙofarta, sannan murnar ta tsaya masa a wuya.

Kwamfutar kuwa dominsa aka sayo kayanta. Idanunsa sun gaji da leƙen cikin agoguna shekara da shekaru, in aka kira shi ta bidiyo a wayar hannu ba ya gane kowa. Sai ya ɗauko gilashin nan mai ido ɗaya da yake aiki da shi, ya maƙala, ya kawo wayar dab da fuska, ya shafe hira guda yana gaisawa da ƙofar hancin babban ɗansa. Auta ta ce ita kam ba za a yi mata wannan wulaƙancin ba. Za ta haɗa masa kwamfuta da hannunta, da allo mai faɗin taga, ya riƙa ganin fuskarta sukutum.

Ta shimfiɗa kayan a kan teburin cin abinci ta fara haɗawa. Auta tana da hali ɗaya tun tana ƙarama, ba ta iya aiki baki rufe. Duk abin da hannunta zai yi sai bakinta ya riga shi sanarwa, da ƙarfi kuma, yadda na ɗaki da na kicin za su ji.

"Yanzu zan ɗaura babban allon ciki, wanda komai ke hawa kansa. Yanzu zan sa ram, ma'ajiyar tunaninta, sai ya ce ƙas. Ka ji ya ce ƙas? Yanzu akwatin wuta."

Mai Agogo ya jawo kujera yana kallon yatsunta. Irin nasa ne sak, ba rawa, ba gaggawa. Alfahari ya cika shi, baƙin ciki ya biyo baya, suka zauna tare.

"Ka ga wannan 'yar wayar, Baba?" Ta ɗaga wata siririyar waya mai ɗan baƙin kai na roba. "Daga makunni ta taso. Ita ke gaya wa allon ciki cewa an danna. In babu ita, ko ka danna da guduma ba abin da zai faru."

Da ta san abin da ta shuka da wannan bayanin, da ta yi shiru.

Ta gama, ta rufe murfi, ta miƙa yatsa za ta danna makunni, sai Mama ta leƙo daga kicin ta ce a zo a ci abinci tukuna, ba a kunna sabon abu da yunwa. Ba wanda ya taɓa jin wannan dokar a gidan, amma Auta ta bi uwarta tana dariya. Falo ya rage daga Mai Agogo sai kwamfuta.

Ba hana ta tafiya zai yi ba, Allah ya kiyaye, shi ba irin waɗannan iyayen ba ne. Haka ya gaya wa kansa yana buɗe murfin. Jinkiri ne kawai, ɗan kaɗan, kamar agogon da ke baya da 'yan mintuna, ai ba wanda ya taɓa mutuwa saboda haka. Ya maƙala gilashi, ya zaro matsefata daga aljihun gaba. Bai cire wayar ba, wannan aikin 'yan koyo ne, Auta za ta gani da kallo ɗaya. Ya shiga cikin ɗan kan robar, ya zare ɗan ƙarfen da ke ciki, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya tura bakin wayar ya koma, ya mayar da kan robar mazauninsa. Ko shi da ya yi aikin, da ya sake dubawa sai da ya yaba.

To, Mai Agogo tun yana koyon sana'a ba ya ajiye ƙaramin ƙarfe a kan tebur, don hannun riga kan share shi, atishawa kan tafi da shi. A leɓe yake riƙewa. Ya riƙe dubbai a haka, ko ɗaya bai taɓa wuce masa ba, har yakan yi wa abokan sana'a gori da wannan. Yana cikin ɗaure murfin da ƙarfen a leɓensa sai ya ji muryarta a bayansa.

"Baba!"

"Na'am!"

Ba a cewa na'am da leɓe a rufe. Ya ji ɗan sanyin abin ya bi maƙogwaro ya gangara, ya tafi abinsa.

"Me kake yi?"

"Ƙura nake gogewa."

Ta tara mutanen gida. Mama ta fito tana goge hannu. Aka kira Gwaggo, yayar Mai Agogo, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta, amma ta ce a ci gaba, tana jin komai daga inda take. Auta ta sanar, "Yanzu zan danna." Ta danna.

Shiru. Fanka ba ta motsa ba, fitila ba ta kawo ba.

Ta sake dannawa, ta riƙe. Ta leƙa baya ta duba ɗan makunnin akwatin wuta, yana kunne. Ta matsa filogi. Mai Agogo ya gyara fuska ya ce, "Ikon Allah," da muryar mai jaje.

"Ba komai," in ji Auta. "Wataƙila makunnin ne ya zo da matsala. Akwai dabara. Yanzu zan taɓa 'yan ƙusoshin nan biyu da bakin sukundireba, ta tashi ba sai da makunni ba."

Gabansa ya faɗi. Wato duk gwanintar nan, har da haɗiyar ƙarfe, da sukundireba ɗaya za a tsallake ta? Wannan ba ta gaya masa ba. Ya rufe ido yana jiran ƙarar fanka. Ta taɓa. Ta sake taɓawa. Kwamfuta ko gezau.

Daɗi ya kama shi na ɗan lokaci, sai kuma tsoro ya biyo baya. In an tsallake aikinsa kuma ba ta tashi ba, to ba jinkiri ya jawo ba ke nan, kashe ta ya yi murus.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ta yi duk abin da aka koya mata, bi da bi, tana canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ta ce zan gwada soket ɗin da fitilar tebur, fitila ta kama fes. Ta ce to zan mayar da kwamfuta, kwamfuta ta yi shiru. Ta ce wataƙila wayar wuta ce, ta je ta ciro ta butar lantarki ta kawo, ta shiga wanka, ta fito ta gwada, shiru. Ta cire ram ta mayar. Ta zare babban allon cikin gaba ɗaya ta ɗora a kan kwali. Ta kwashi kayan ɗaya-ɗaya ta kai shagon da ta sayo su, kowanne aka gwada lafiyarsa ƙalau. Mai shagon ya yi wani murmushi ya ce ta kawo ta gaba ɗaya su haɗa mata, haɗa kwamfuta ba na kowa ba ne. Ta dawo gida tana huci, ta rantse ko sama da ƙasa za su haɗe kwamfutarta ba za ta taka shagon nan ba.

Ta buga wa kamfanin ta roƙi a ƙara mata 'yan kwanaki, suka ƙara ba da son ransu ba. Mai Agogo ya ji daɗin wannan, ba ƙarya. Da safe yana jin motsinta a ɗaki, da yamma ga takalmanta a bakin ƙofa. Amma sai gidan ya fara wasu abubuwa.

Butar lantarki ce ta fara mutuwa. Aka mayar mata da wayarta, ta ƙi. Washegari dutsen guga ya bi ta. Sai rediyonsa, sai fankar tsaye. Mai Agogo mutum ne mai lissafi, ya zauna ya yi nazari, ya gano abu ɗaya da ya haɗa su: dukansu ya wuce ta kusa da su. Tun ranar da ya haɗiye ƙarfen nan, duk abin wutar da ya kusanta sai ya ce ga garinku nan. Ya daina bi ta gefen firji. In zai shiga kicin sai ya manna bayansa da bango ya bi a karkace, ya tura cikinsa ciki. Maƙwabcinsa mai aski ya kira shi ya zo ya ga sabon injinsa, ya tsaya daga tsallaken titi ya ce ya gani, Allah ya sa alheri.

Wani tunani ma ya zo masa, tunanin da mai hankali bai kamata ya yi ba, amma ya yi. Tunda ƙarfen makunnin yana cikinsa, ashe ba shi ne makunnin ba yanzu? Rannan da rana ya faki ido ba kowa a falo, ya tsaya gaban kwamfutar, ya ɗaga riga, ya yi bisimilla, ya danna cibiyarsa da ɗan yatsa. Ya riƙe kamar yadda ya ga Auta na riƙewa.

"Baban Auta, lafiya?"

Mama ce a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Ciki ne yake ɗan murɗa mini."

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar, ta wuce da sauri fiye da yadda ta saba. Shi ma bai so ta tsaya ba.

Gwaggo kuwa ta yi ƙaura. Ta ɗauke kujerarta daga baranda ta kai ta cikin lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, ta ce can ya fi iska. Lungun ba shi da ko taga, ba abin da ke cikinsa sai mita da akwatin makunnan wutar gida. A nan take wuni da carbinta, ta lulluɓe da mayafi, gumi na tsiyaya, tana cewa kai, wannan iska da daɗi take. Mai Agogo ya ɗauka tsufa ne, bai sa baki ba.

Abin da ya fi tsorata shi ba na wuta ba ne. Auta ce ta daina magana. Tana zaune gaban teburin, tana cirewa tana mayarwa, bakinta gum. Abinci sai dai ta juya cokali ta ture. Gidan da ya riƙe ta don ya riƙa jin muryarta, ga ta a ciki amma ba muryar.

Shirun nan ya fi damun Gwaggo. Daga lungu sai a ji ta ɗaga murya, "Auta! Me za ki gwada yanzu?"

"Ba komai, Gwaggo."

"A'a, faɗa mini mana, in taya ki da addu'a. Fitila ce ko ita kwamfutar?"

Da yammacin ranar da wa'adin kamfani ya zo ƙarewa, Auta ta ajiye sukundireba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta juyo ta dubi mahaifinta ta yi magana a hankali.

"Baba, zan kira su in ce su nemi wani."

"Wani wa?"

"Wanda ya iya. Kwamfuta ɗaya, a falon ubana, kayanta duk lafiya, na kasa tayar da ita. Can ɗaruruwa za su damƙa mini. Ashe duk karatun nan haddar banza na yi." Ta ja mayafinta. "Bari in ɗan taka, kaina ya yi nauyi. In na dawo sai in kira su."

Ta fita. To, ga abin da yake so ya samu, Auta za ta zauna. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo kunya ce, da wani ɗaci a baki. Yarinyar da ta shigo gidan nan tana sauke kwalaye da ƙarfinta, shi ya mayar da ita haka, da matsefata.

Ya miƙe ya nufi kicin, ko ta kan firji bai bi ba. Mama na tsaye ta ba shi baya.

"Maman yara, akwai maganar da zan gaya miki. Ki zauna."

Ta juyo a firgice, gefen zanenta ya kama hannun durowa, ƙullin da ke bakin zanen ya kwance. Wasu 'yan ƙananan abubuwa suka zubo suna gangarawa a ƙasa. Ɗaya ya zo ya tsaya a ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauka. Fis ne, irin wanda ke cikin filogi.

Ya dubi fis ɗin, ya dubi sauran da ke warwatse, ya dubi matarsa.

"Na kwamfutar kaɗai na yi niyya," in ji Mama. "Tun tana haɗawa na cire da wuƙa. Sai ta ɗauko wayar buta, na cire na buta. Sai na ga tana kallon dutsen guga..."

"Rediyona fa?"

"Na ce gara in riga ta."

"Ke! Kin san kwana nawa ina bin bango a gidan nan? Kin san na tsaya a tsallaken titi ina gaisawa da mai aski kamar mai cutar da ake gudu?"

"To wa ya aike ka? Ni na ɗauka cikin ne."

"Haba Maman yara! 'Yar cikinki? Ki rasa wanda za ki yi wa wannan mugunta sai yarinyar da..."

"Kai kuma maganar me ka zo gaya mini?"

Daga lungu aka yi gyaran murya, Gwaggo ta bayyana tana share gumi, ta ce tana jin hayaniya, me ya faru. Da ta ga fis a ƙasa ta ji bayani, sai ta riƙe haɓa ta ja dogon salati.

"Amma kin ba ni mamaki. Wato ke ce! Ni kuwa rannan barci ya ɗauke ni ban kashe layin ba, na farka na ji ba ta tashi ba, na ce lalle addu'ata ta fara ci."

"Wane layi, Yaya?" in ji Mai Agogo.

Gwaggo ta ga ta riga ta yi suɓul da baka, sai ta gyara tsayuwa. Layin soket ɗin falo mana, wane layi kuma. In yarinya ta ce za ta gwada fitila, ta ɗaga. In ta ce kwamfuta, ta sauke. Aiki ne mai wuya, ba hutu, ba mataimaki, ga zafi, kuma tun da yarinyar ta daina magana sai da ka take yi. Ta faɗi haka ne tana kallonsu kamar mai jiran a ce mata sannu da ƙoƙari.

"Ni na goya yarinyar nan," ta ƙara. "Ku kuna da juna. Ni in ta tafi wa zai riƙa cewa Gwaggo kin sha maganinki?"

Sai suka juyo gare shi su biyu. Ba yadda zai yi, ya faɗi nasa, tun daga matsefata har zuwa na'am.

"Ka haɗiye?" in ji Mama.

"Na haɗiye."

"Shi ne kake danna cibiya?"

Gwaggo ta zauna daɓas a kan kujerar kicin tana dariya har da hawaye, tana nuna shi da carbi, ta kasa magana. Da ta lafa ta ce tana da maganin wankin ciki mai kyau, in ya sha yanzu kafin yarinya ta dawo an gama. Mama ta ce wallahi ko ya fito, ko da me aka wanke shi, ba za a sa shi a kwamfutar 'yarta ba. Mai Agogo ya ce su duka su yi masa shiru.

Ya buɗe akwatin aikinsa, ya ɗauko wani tsohon agogo da mai shi bai taɓa dawowa karɓa ba, ya yanko ɗan siririn tagulla daga cikinsa. Ya lanƙwasa, ya goge, ya matse shi a bakin wayar, ya zura cikin kan robar. Wannan karon a kan faranti ya ajiye komai. Mama ta durƙusa tana mayar da fis a filogi ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaurewa da wuƙa. Gwaggo ta ɗaga layi, ta jawo kujerarta ta dawo falo, ta ce ashe nan ma akwai iska.

Auta ta dawo ta same su a jere a kan doguwar kujera, hannuwa a kan gwiwa, ba mai ko tari.

"Ki ɗan sake gwadawa," in ji Mai Agogo.

"Baba, don Allah a bar maganar."

"Sau ɗaya. Don ni."

Ta yi ajiyar zuciya, ta je ta dangwala makunnin ko kallonsa ba ta yi ba. Fanka ta juya. Wata 'yar fitila ta kawo, abin ya ce ƙit, babban allon ya haska ya cika da rubutu. A kicin buta ta fara kuka, rediyo ya kama surutu a ɗaki, fankar tsaye ta hau juya kai, duk a lokaci ɗaya.

Su uku suka ɓarke da barka. Gwaggo har da tafi. Auta kuwa ta tsaya tana kallon allon, fuskarta ba ta sauya ba. Ta ɗauko wayarta.

"Me za ki yi?" in ji Mama.

"Kiransu."

"Ba ga shi ta tashi ba?"

"Ban gyara komai ba, Mama. Ta ƙi tashi ban san dalili ba, ta tashi ban san dalili ba. Wannan ai ya fi na da muni. In ta can ta mutu me zan ce musu? In ce a jira, wani lokaci sukan tashi da kansu?"

Ta fara neman lambar. Mai Agogo ya dubi matarsa, matarsa ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi silin. Ya so ƙwarai a ce akwai wata dabarar. Ya laluba, babu.

Mama ce ta fara miƙewa. Ta shiga kicin ta zare filogin buta, ta dawo ta kwance shi da wuƙa a gaban Auta, ta ciro fis ta ajiye a kan tebur, ta koma ta zauna. Gwaggo ta tashi da ƙyar ta nufi lungu. Aka ji ƙas, allo ya mutu. Aka ji ƙas, sai muryarta, "Danna yanzu." Auta ta danna, fanka ta juya.

Sannan ta juyo ga mahaifinta a hankali.

"Nawa ba zan iya nuna miki ba," ya ce. "Yana cikina."

Sai da ya yi bayani sau biyu kafin ta gane. Ta zauna a kujerar da ta kwana biyu tana wahala a kai, ta buɗe murfin, ta zaro 'yar wayar makunnin, ta daɗe tana kallon ɗan tagullan da ke ciki. Bakinta ya fara motsi, tana lissafi a fili kamar da.

"Makunni. Fis. Layi. Uku a lokaci ɗaya. In na tsallake ɗaya, biyu na nan. In na canza waya, a cire. In na ce fitila..." Ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta na rawa, ba wanda ya san ko dariya ce ko kuka, wataƙila ita ma ba ta sani ba. "Kun san abin da na riƙa gaya wa kaina a kwanakin nan? Kun san me na kira kaina?"

Ta sauke hannu ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Mutum uku a gida ɗaya. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce Auta kada ki tafi?"

"Da mun ce," in ji Mai Agogo, "da kin zauna."

Ta ɗago ta dube shi. Idanunsa sun cika, bai ɓoye ba, bai kuma kawar da kai ba.

"Aikinki ba shi da aibi tun ranar farko," ya ce. "Na duba da gilashi, na sani. Tashi ki haɗa kayanki."

Da safe kafin motar ta zo ta zaunar da shi gaban allon ta koya masa yadda zai amsa kira. Ya iya nan da nan. Ta ce to saura yadda ake kashewa, ya ce wannan ta bar shi, ba ya so. Ta rungume Mama, ta gaya wa Gwaggo ta sha maganinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka da murya mai ƙarfi don kada ta karye. Suka tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana.

Da suka koma ciki fankar kwamfutar na ta juyawa ita kaɗai a falo. Mama ta share ido ta ce a kashe ta mana, ai sai yamma Auta za ta isa, wuta kawai kwamfutar take ci. Ta miƙa hannu. Mai Agogo ya riga ta, ya rufe makunnin da tafinsa.

"Kada wanda ya taɓa ta," ya ce.

Ya jawo kujerarsa ya zauna a gaban allon. Can sai ya ji an jawo wata kujerar a damansa, an jawo wata a hagunsa.